Tagar Ignac

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta gindin tudun kwal ya san Pelagia Kulik, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, baƙin ɗankwali ba ya barin kanta, hannuwanta kuwa ka ce na mai faskare ne. Tana da shekara tara iyayenta suka ƙetaro teku da ita daga Poland zuwa nan Pennsylvania. Ta yi aji huɗu a makarantar sistoci, matan zuhudu na coci, aka cire ta aka kai ta masaƙar siliki, don a zamanin an fi buƙatar hannun yarinya fiye da kanta. Ta auri Ignac Kulik, mahaƙin kwal, saboda ya iya rawa kuma haƙoransa cikakku ne. Daga baya takan ce dalilan nan biyu ko shekara uku ba su yi ba suka ƙare.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne shiga da fita ranar matattu, biyu ga Nuwamba. Mu Katolika abin da aka koya mana shi ne, wanda ya mutu a kan tuba amma da sauran dauɗa a jikinsa ba ya zarcewa sama kai tsaye. Sai ya tsaya a wurin tsarkakewa tukuna. Wuta ce, amma mai ƙarewa, kuma masu rai suna iya rage masa zaman. Da yarenmu na Poland odpust ake cewa, wato rangwame. A wancan zamanin, in ka furta zunubanka ga Fada, wato limamin coci, ka karɓi jibi, gurasar nan mai tsarki, ka shiga coci a ranar ka yi addu'o'in da aka tsara, ka samar wa mamaci ɗaya cikakken rangwame ke nan. Ka fita ƙofa ka sake shigowa, sabuwar ziyara ce, ta wani mamacin. Ba a biyan ko sisi. Ƙafa kawai ake kashewa da gwiwa.

Sai ka ga tsofaffin mata jere, suna fita suna shigowa kamar tururuwa, ƙofa tana ƙara, sanyi yana kwararowa ciki, tsohon limaminmu Fada Gorski yana ƙunƙuni a kan kwal ɗin da ake ƙonawa a banza. A cikinsu duka babu mai juriyar Pelagia. Kuma tana da wata al'ada: in za ta taka dokin ƙofa sai ta faɗi sunan mai rabon a fili, kamar mai raba nama. "Wannan na Tadek." Kullum da shi take farawa. Sai uwarta, sai ubanta, sai ungozomar da ta karɓi haihuwarta, sai wani baƙon da ya taɓa haya a gidansu ya mutu babu kowa nasa. Matan da ke bayanta sun haddace sunayen nan kaf. Shekara da shekaru suna ji, babu wadda ta taɓa jin ta ce Ignac.

Kowa ya san dalili. Tadek ɗansu ne na fari, yaro mai kai, har sistoci suna cewa a bar shi ya yi karatu mai zurfi. Sai shekarun yunwa suka zo, aikin rami ya koma kwana biyu a mako. Ignac ya ɗauki yaron yana da shekara goma sha huɗu, ya kai shi gaban mai ɗaukar ma'aikata, ya rantse cewa ya cika sha shida. Pelagia ta tare ƙofa da jikinta, ya ture ta ya wuce. Yaron bai cika shekara yana shiga rami ba rufi ya rufto masa. A bayan motar kamfani aka kawo shi, aka shimfiɗe shi a kan teburin cin abinci.

Ba ta bar Ignac ba, don mu ba ma barin miji. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana cuɗa masa baya in ya dawo baƙi ƙirin daga aiki. Da ƙurar kwal ta cinye masa huhu, ita ta yi jinyarsa, tana kwashe kakinsa a gwangwani, har ranar da ya cika. Amma tun daga ranar da aka kawo Tadek, maganar da ta wuce "ga abinci" da "kashe fitila" ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba.

Bayan mutuwarsa Fada Gorski ya tashi sauya tagogin coci, yana neman iyalai su haɗa hannu, gida uku ko huɗu a kan taga ɗaya. Pelagia ta haɗa abin da ƙungiyar mahaƙa ta ba ta da abin da ta tara a kamfanin ɗinkin riguna, ta ɗauki taga guda ita kaɗai. Gilashin launi ne, da hoton Waliyyiya Barbara mai kula da mahaƙa, a ƙasa an rubuta sunan Ignac Kulik. Ranar da aka keɓe tagar, Fada Gorski ya faɗa a gaban jama'a cewa Allah ba zai manta da wannan alheri ba. Mata suka yi ta share hawaye suna cewa ashe tana sonsa. Ita kuwa a bakin famfo ta ce wa maƙwabciyarta, "Na biya masa nasa. Kada ya tashi ran ƙiyama ya ce ban yi ba."

A ranta magana ta ƙare. Kuɗi kana iya miƙa shi haƙoranka a cije, addu'a ce ba ta yiwuwa a haka. Ta ba kowa ƙafarta, ta ba Ignac kuɗinta, ta yi barcinta lafiya shekara goma sha takwas.

Wanda ya tono maganar surukinta ne. 'Yarta Regina ta auri Wendell Fike, makaniki mai gareji a bakin babban titi, ɗan Baftis, har ta bi shi cocinsu. Pelagia ta yi shekara ba ta taka gidansu ba, daga baya ta ga mutumin ba ya shan giya, kuma shi ya gyara mata rufin baranda ba tare da an roƙe shi ba, sai ta haƙura. Duk Lahadi bayan sujada sukan zo cin abincin rana a gidanta, kuma duk Lahadi sai sun tsokani juna. Dogo ne mai manyan kunnuwa, in yana dariya har kunnuwan motsi suke yi.

Wata Lahadi cikin Oktoba, yana cusa kabeji da nama a baki, ya ce, "Mama, nawa tikitin aljanna ya kai a wajenku bana? Na ji komai ya yi tsada."

"Ci abincinka. Ba a sayarwa."

"Da can ana sayarwa. Fastonmu ya karanta mana, shekara ɗari huɗu da suka wuce har talla ake yi a kasuwa, da ganga da akwatin zuba kuɗi."

"Shekara ɗari huɗu da suka wuce kakanninka da aladu suke kwana ɗaki ɗaya. Na taɓa goranta maka?"

Regina ta ce, "Mama, don Allah."

"Bar ni da shi. Kai Wendell, ba kai ne kake kai wa Fastonka kashi ɗaya cikin goma na guminka ba, yana ce maka Allah zai ninka maka? To tsakanina da kai wa yake ciniki da Allah? Ni duk Lahadi ina jefa ambulan a farantin baiko, ban taɓa tsayawa jiran canji ba."

"Zakka umarni ce, Mama. Muna bayarwa ne don an riga an ba mu, ba don a ba mu ba."

"Shi ya sa duk ran Litinin kake tsayawa a bakin gareji kana leƙen titi, ka ga ko Allah ya fara turo motoci masu lalatattun birki?"

Regina ta ƙyalƙyale da dariya har ta ƙware. Wendell ma ya yi dariya, amma abin ya ɗan sosa shi, sai ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

"To tagar Baba Ignac fa? Da kunnena na ji kin ce kin biya masa nasa."

Pelagia ta miƙe ta fara tattara kwanuka, alhali babu wanda ya gama ci.

Ran Laraba matan coci sukan taru a ɗakin da ke ƙarƙashin cocin suna naɗa pierogi, ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, a sayar ran Juma'a. A shekarar nan kuɗin na sayen sabon murhun ɗumama coci ne, don tsohon ya fi yawancinsu shekaru. Pelagia ta wanke hannu ta bar su, ta bi lungu zuwa ɗakin murhu. Can ta tarar da Fada Lasota, wanda aka kawo bayan mutuwar Fada Gorski, ya naɗe hannun riga, fuskarsa duk toka, yana kokawa da wani bututu.

Da ma tana ciki da shi. A hannunsa aka juya bagade ya fuskanci jama'a, aka daina sujada da Latin. Shi ne kuma ya sanar cewa Roma ta soke shiga da fita, daga yanzu cikakken rangwame sau ɗaya ne a rana, ko ka huda ƙofar da zirga-zirga. Amma yau ba wannan ya kawo ta ba. Makami ta zo nema, wanda za ta kai wa Wendell ran Lahadi.

"Fada, tambaya gare ni, kuma ba wa'azi nake so ba."

"Ina jin ki, Mama Kulik."

"Taga nawa take rage wa mamaci?"

"Wace taga?"

"Ta Barbara. Ta uku a hannun hagu, in ka taɓa ɗaga kai ka duba. Ni na saya wa mijina."

Ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando. Yaro ne, bai kai Regina shekaru ba, kuma bai iya kewaye-kewaye ba.

"Mama, taga iska take hanawa shiga. Kyauta ce mai kyau, ladanki yana wurin Allah. Amma ba rangwame ba ce."

"Fada Gorski ya ce Allah ba zai manta ba."

"Ba zai manta ba. Sai dai Fada Gorski bai ce ya yanka miki rasit ba."

"Surukina ya ce da can ana sayarwa."

"Bai yi ƙarya ba. An yi, abin kunya ne, ya raba Ikilisiya biyu. Shi ya sa tun a wancan zamanin aka haramta haɗa rangwame da kuɗi. Ko dala dubu kika kawo mini yau, ba ni da abin da zan sayar miki."

"To ambulan ɗin da nake jefawa duk Lahadi, na mene ne?"

Ya sa ƙafa ya harbi cikin murhun. "Na wannan. Da kwal, da albashin sistoci, da miyar da nake sha. Gida ne, dole a ciyar da shi. Amma babu rai ko ɗaya da ya taɓa fita daga wuta saboda an biya kuɗin lantarki."

Pelagia ta nemi wuri ta zauna a kan akwatin kwal. Ƙafafunta sun kumbura tun bazara, likita ya ce zuciyarta ta gaji, ya kuma yi mata irin kallon da ta gane. Abin da ya faɗo mata a rai ba tausayi ba ne, lissafi ne na mai riƙon gida. Shekara goma sha takwas ke nan mutumin yana iya kasancewa a can yana jira, babu wanda ya taka masa ko taku ɗaya. 'Yan uwansa sun mutu. Regina ta koma inda ba su yarda da wurin tsarkakewa ba sam. In ita ba ta yi ba a wannan Nuwambar, babu mai yi, kuma wata Nuwambar ba lallai ta same ta ba.

"To yanzu yaya ake yi, tun da kun rushe tsohuwar hanya?"

Ya faɗa mata. Kwana takwas na farkon Nuwamba, kowace rana mutum ya karɓi jibi, ya je makabarta ya yi wa matattu addu'a, ya yi addu'a a kan niyyar Paparoma, yana samar wa mamaci ɗaya cikakken rangwame. Kafin nan ya furta zunubansa. Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda da ma yana nan tun da can, mutane ne ba sa son jin sa: zuciya ta zama ba ta manne wa wani zunubi ba, komai ƙanƙantarsa.

"Har da ƙiyayya?"

"Ita ce a kan gaba."

Ta daɗe tana kallon tokar da ke ƙasa. Sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Taga ta fi arha," in ji ta.

Ran Asabar ta shiga akwatin furta zunubi ta faɗi abin da take riƙe da Ignac a zuciya yadda yake, babu ado. Fada Lasota ya tambaye ta ko tana so ta ajiye shi. Ta ce shekara talatin da biyar tana ɗauke da shi, ba ta san ta inda ake sauke shi ba, kuma in ta sauke gani take kamar ta ce abin da aka yi wa Tadek ba komai ba ne. Ya ce ba a ce ta manta ba, ba a kuma ce Ignac ya yi daidai ba, cewa aka yi ta daina riƙe shi a wuya. Ta ce in ta gwada bai yiwu ba fa? Ya ce to rangwamen ba zai cika ba, amma ba zai tafi a banza ba, wani abu zai isa gare shi. Ta ce kamar nawa? Ya ce an daina ƙirgawa, wannan sai Allah.

Ta fito ranta a ɓace. Duk rayuwarta ba ta taɓa sayen abin da ba a auna mata a gabanta ba.

Makabartarmu tana can saman tudu, bayan tarin dattin kwal, kuma ƙafarta ba za ta kai ta ba. Ran Lahadi, tun kafin Wendell ya cire hula, ta ce, "Daga ɗaya ga wata za ka riƙa ɗaukata a bakin coci bayan sujadar safe, ka kai ni makabarta. Kwana takwas."

Ya so ya ba ta haƙuri a kan maganar da ya yi, amma ya ga fuskarta ba ta neman haƙuri. Sai ya ce, "Ni ɗan Baftis in kai ki sayen tikiti?"

"Kyauta ne. Man motarka kawai za a ƙona, shi ma ka cire daga zakkarka."

Ranar farko ya riƙe ta a hannu suka hau. Kaburbura biyu ne a fili ɗaya, da gurbin mutum ɗaya a tsakaninsu. Ɓangaren Tadek a share yake tas, da jan kofin gilashi na kyandir. Ɓangaren Ignac ciyawa ta kai idon sawu, ta bushe a tsaye. Pelagia ta kunna kyandir, ta tsaya ta ba ciyawar kafaɗa kamar yadda ta saba, ta ce, "Wannan na Tadek." Wendell ya koma gefe ya cire hula yana kallon hayaƙin gari.

Kashegari da ta shiga mota ya ce, "Yau na wa?"

"Uwata."

Rana ta uku ubanta. Sai ƙanwarta da ta mutu wajen haihuwa. Sai ungozoma. Kowace rana hawan yana ƙara yi mata wuya, har ya fara zuwa da akwatin kwalaben lemo don ta riƙa zama a hanya. Ya lura a jakarta akwai wani jan kofin kyandir, sabo, a naɗe da takarda. Kullum tana zuwa da shi, kullum tana komawa da shi.

Rana ta shida ta ce, "Mahauci Zielak."

"Wanda kika ce yana danna sikeli da babban yatsa?"

"Shi ya fi buƙata."

Rana ta bakwai ta ba Fada Gorski, ta ce mutumin da ya bar ta ta yi shekara goma sha takwas cikin kuskure don yana son tagogi, ba mamaki yana can shi ma. Suna gangarowa Wendell ya yi gyaran murya.

"Mama, saura gobe."

"Na iya ƙirga."

"Ni dai ban yarda da abin ba, kin sani. A wajenmu in mutum ya mutu an gama, ko sama ko ƙasa. Amma ke kin yarda."

"Duba hanya, kada ka jefa mu rami. Mutum ɗaya a gidan nan ya isa."

Ranar ƙarshe aka tashi da yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Takalmi ya ƙi shiga ƙafarta, sai da Regina ta tsaga silifas da almakashi ta ɗaure mata da tsumma. A coci ta karɓi jibi a zaune, don ba ta iya durƙusawa. Hasken safiya yana shigowa ta tagar Barbara yana sauka a kan kujerun hagu, ja da shuɗi. Ta kalle ta sau ɗaya, ta ga tagar tana yin aikinta, babu iskar da ke shigowa ta nan.

A kan tudu Wendell ya kusa ɗaukarta cak. Ya ajiye akwatin a gaban kabarin Tadek, inda ya saba.

"Matsar da shi," ta ce.

Ya matsar da shi cikin ciyawa. Ta zauna, ta jira numfashinta ya dawo. Shi kuma ya ja baya, amma ba da nisa ba, don yana tsoron kada ta kife.

"Ignac, ni ce," ta ce da yarenmu, da muryar da take kiransa cin abinci. "Kada ka ɗauka na huce. Ka rantse da ƙarya, ka ture ni a bakin ƙofa, ka kai yaron inda ya mutu. Na san gida babu abinci. Na sani, ni nake dafa ruwan dankali. Amma da mun ci ruwan dankalin muna da ɗa."

Ƙanƙara tana sauka a kan ɗankwalinta. Wani abu ya faɗo mata wanda ta daɗe ba ta tuna ba. Bayan an binne Tadek, Ignac ya ajiye gwangwanin abincinsa, ya ɗauki na yaron, wanda murfinsa ya lanƙwashe a ranar haɗarin, da shi ya yi ta zuwa aiki har huhu ya kayar da shi. Ita ce take zuba masa abinci a ciki kowace safiya, tana danne murfin da ƙarfi don ba ya rufuwa daidai. A lokacin ta ɗauka rowa ce, mutumin ba ya son a yar da ƙarfe. Ta juya abin a ranta. Yana iya zama rowa. Yana iya zama wani abu. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, yanzu kuwa babu wanda za a tambaya.

Sai ta duba zuciyarta yadda take duba buhun fulawa, tsakani da Allah, ba tare da yaudarar kai ba. Abin yana nan. Bai kai girman da take zato ba, amma yana nan, a ƙulle.

"Yana nan," ta ce, wannan karon ba da Ignac take ba. "Ba na so ya zauna, amma yana nan. In za ka cire, ka cire. Ni na kasa."

Ta ciro carbinta. Ta buɗe baki ta faɗa a fili, kamar yadda take yi a dokin ƙofar coci tun da can.

"Wannan na Ignac."

Ta yi Addu'ar Ubangiji, ta yi A Gaishe Ki Maryamu, ta yi ta neman hutu ga matattu, ta yi ta Paparoma, ba ta tsallake kalma ba, ba ta kuma yi sauri ba. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta miƙa wa Wendell jakar ba tare da ta waiwaya ba. Ya ciro sabon kofin, ya tuge ciyawa da hannu ya yi masa wuri. Ashana uku ta mutu a iska kafin ya kare wutar da hularsa ta kama.

Suna cikin mota, ya kunna mata abin ɗumi a ƙafa, ya kasa haƙuri.

"To, Mama, ya fita?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba? Duk wahalar nan?"

"Wannan ba a yanka masa rasit. In ya cika, ya cika. In rabi ne ya isa, ya karɓi rabi, shi ma ai ba cikakke ya ba ni ba."

"A wajenmu da ba ki sha wannan sanyin ba."

"Shi ya sa Fastonku ba shi da aiki sai ƙirga zakka. Ja mota, ƙafata ta mutu."

Lahadin da ta biyo ta sa ambulan ɗinta a faranti kamar kullum, abin da ta saba sakawa, ba ƙari ba ragi. Sai dai ta riƙe hannun mai zagaya farantin ta ce masa, yadda layi biyu suka ji, "Na murhu ne. Ka faɗa wa Fada ƙafafuna suna jin sanyi."

An sa sabon murhun bayan Kirsimeti. Pelagia ta rasu cikin Fabrairu, a kan kujerarta, da kwanon dankalin da take feraye a cinya. Jana'izarta ce ta farko da aka yi a cocin nan mutane suka cire riguna masu kauri. Aka binne ta a gurbin da ke tsakanin su biyun, don da ma nan ne aka saya, kuma ba ta taɓa cewa a sauya ba.

Wendell bai zama Katolika ba, har ya mutu yana cewa wurin tsarkakewa ƙirƙira ce. Amma shi yake yanke ciyawar filin, duka ukun daidai wa daida. Tagar kuwa tana nan, ta uku a hannun hagu, da sunan Ignac a ƙasa. An taɓa yi mata gyaran dalma sau ɗaya. Har yanzu tana hana iska shiga.